Ina mai shayi a taswira? Yadda ake rarraba shaguna da gidajen abinci a OpenStreetMap

Duk mai manhajar taswira a wayarsa ya gwada wani abu yau: ka tsaya a bakin get ɗin makaranta, ka nemi gidan abinci mafi kusa. Da wuya wayar ta nuna maka Iya mai tuwo da ke gabanka, ko mai garau-garau da ke bayan hostel, ko mai shayin da rabin 'yan ajinku ke karyawa a teburinsa. Sau da yawa wani babban wuri za ta nuna maka can cikin gari, wanda kuɗin faranti ɗaya a cikinsa ya isa ka ci abincin kwana uku. Mu da muka daɗe a nan ba mu damu ba, don mun san lungu da saƙo. Amma sabon ɗalibi fa? Ko baƙon da ya kawo ƙanwarsa rajista? Ko wanda zazzaɓi ya rufe abokin ɗakinsa ƙarfe goma na dare yana neman kemis?

Dalilan wannan matsala biyu ne. Na farko, ba a saka wurin a taswirar ba kwata-kwata. Na biyu, an saka shi amma an jefa shi a rukunin da ba nasa ba, ko kuma an rubuta sunansa kawai ba a faɗi me ake yi a cikinsa ba. Na biyun nan shi nake so mu tattauna, domin shi ne mutane ba su cika lura da shi ba, kuma shi ne wanda ni da kai za mu iya gyarawa da wayar da ke aljihunmu.

Taswirar da kowa ke da hannu a ciki

Akwai taswirar duniya da ake kira OpenStreetMap. Wani Bature mai suna Steve Coast ne ya fara ta a Ingila a shekarar 2004, a lokacin da bayanan taswirar ƙasarsu ke hannun hukuma, sai mutum ya biya kuɗi sannan a gindaya masa sharuɗɗa. Tsarinta kamar na Wikipedia ne: kowa na iya buɗe asusu kyauta, ya zana titi, ya saka masallaci, ya gyara sunan unguwa. Waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 10, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu ke aiki a kai a kai. Tun shekarar 2012 bayanan suna ƙarƙashin lasisin da ake kira ODbL, wanda ya ba kowa damar ɗauka ya yi amfani da su, har ma ya yi kasuwanci, muddin ya ambaci inda ya samo.

Shi ya sa za ka tarar da bayananta a wurare da yawa ba tare da ka sani ba. Manhajojin OsmAnd da Organic Maps a kanta suka dogara, kuma suna aiki ko babu data idan ka riga ka sauke taswirar yankinka. Kamfanoni irin su Facebook da Snapchat sun yi amfani da ita a taswirorinsu. Lokacin girgizar ƙasar Haiti a watan Janairun 2010, 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zana birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, masu aikin ceto suka yi aiki da abin da suka zana. An sake yin irin haka a 2014 lokacin annobar Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo.

Bari in faɗi wani abu tun yanzu kada a ce na yi alkawarin da ba zai cika ba. Abin da ka saka a OpenStreetMap ba zai fito a Google Maps ba. Rumbunan bayanansu daban ne. Bambancin shi ne, a nan kana ganin yadda aka rarraba komai, kana iya gyarawa, kuma kana iya sauke bayanan gaba ɗaya ka yi furojet ɗinka da su.

Suna daban, rukuni daban

A wannan taswira, shago ɗigo ne kawai mai lambobin da ke nuna inda yake a doron ƙasa. Abin da ke mayar da ɗigon shago shi ne laƙabin da aka manna masa. Kowane laƙabi ɓangare biyu ne, da alamar daidai a tsakani. Ni ina kallonsa kamar tambaya da amsa. Idan ka ga shop=bakery, tambayar ita ce “wane irin shago ne?”, amsar kuma “gidan burodi”. Idan ka ga name, tambayar ita ce “me aka rubuta a allonsa?”. Ɗigo ɗaya na iya ɗaukar laƙabi goma ko fiye: suna, rukuni, lokacin buɗewa, irin abincin da ake sayarwa, da sauransu.

To me ya sa suna kaɗai bai isa ba? Ku zagaya layin shagunan da ke bakin makaranta ku karanta allunan. Wannan Alheri Ventures, wancan Nasara Enterprises, na kusa da shi Global Concept. Ni da ke tsaye a ƙofar ina ganin buhunan shinkafa ko na'urar fotokwafi, na san me ake yi. Kwamfuta ba ta gani. Kalmar Alheri ba ta gaya mata ko kanti ne, ko shagon ɗinki, ko wurin sayar da kayan babur. Wasu shagunan ma ba su da allo sam, sunan mai wurin kawai aka sani.

Lokacin da ka danna “abinci” a manhaja, ba sunaye take bi tana karantawa ba. Tana da jerin laƙabin da aka ce mata su ne abinci, sai ta kwaso duk ɗigon da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu a kusa da kai. Wurin da ke da suna babu rukuni, sai wanda ya riga ya san sunan ne zai same shi, shi kuwa wanda ya san sunan ai ba ya buƙatar taswira. Haka wanda aka rubuta masa shop=yes, wato “shago ne dai”, bai fi wanda ba a saka ba da komai in an zo nema.

Laƙabin da aka ɗinka da awon wasu

Da yake a Ingila aka fara aikin, da Ingilishin Ingila ake rubuta laƙabin. Jamusawa kuma suna cikin waɗanda suka fi yawa a masu aikin, shi ya sa za ka ga amenity=biergarten, laƙabi na musamman don irin filin da suke zama shan giya a waje. Ban kawo wannan don zargi ba. Kowa ya zo ya bayyana abin da ke ƙofar gidansu ne. Abin lura shi ne, rukunan an yanka su ne daidai da kasuwar Turai, mu kuma muna da kalmomin Ingilishi da muka ba su ma'anar kanmu. A nan tarkon yake.

Mu ɗauki kemis. A wurinmu, kemis shi ne ƙaramin shagon magani da ke cikin unguwa. Ɗalibi zai buɗe manhaja, ya ga shop=chemist, ya ce ai shi ke nan. Alhali a OpenStreetMap wannan laƙabi na shagon da ke sayar da sabulu, man shafawa, kayan kwalliya da kayan tsaftace gida ne, irin waɗanda suka cika biranen Jamus. Wurin sayar da magani amenity=pharmacy ne. Sannan akwai ƙarin laƙabi, dispensing, mai nuna ko wurin na ba da maganin da sai da takardar likita. A Najeriya doka ta raba famasi mai ƙwararren mai harhaɗa magani da ƙaramin kemis mai lasisin sayar da magungunan yau da kullum. Ke nan famasi ya ɗauki dispensing=yes, ƙaramin kemis kuma dispensing=no. Idan aka yi kuskure a nan, mai neman magani da dare zai ga babu ko ɗaya a kusa da shi, alhali guda huɗu ne a layin.

Sai kafe. Mu idan an ce kafe, wurin da ake cike fom ɗin JAMB, a biya kuɗin makaranta, a buga takardar kwas muke nufi. A taswira amenity=cafe wurin shan shayi ko kofi da ɗan abin taɓawa ne. Namu amenity=internet_cafe ne. Wanda muke kira bizines santa kuwa, inda ake fotokwafi da buga furojet da ɗaure shi, shop=copyshop ne.

Haka supamaket. Shago mai faɗin ɗaki ɗaya zai rubuta Supermarket a allo, babu laifi, a rubuta masa sunansa yadda yake. Amma shop=supermarket na babban kanti ne da kake shiga da kwando kana ɗaukar kaya da kanka ka biya a bakin ƙofa. Kantin unguwa mai madara, sukari, taliya, sabulu da lemo ya fi dacewa da shop=convenience. 'Yar tireda ko kwantenar da mai saye ba ya shiga, ta taga ake miƙo masa, ita ce shop=kiosk.

Ba mu kaɗai ke faɗa wa irin wannan rami ba. A Faransanci butik na nufin kowane irin shago, don haka masu zana taswira a ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka yi ta manna shop=boutique a kan kantunan unguwa, alhali an yi shi ne don shagon tufafi masu tsada. Rikicewar ta kai yanzu ana ba da shawarar a guje shi, a yi amfani da shop=clothes idan tufafi ne. Duk wanda ya taɓa zuwa Maraɗi ko Damagaram ya san yadda kalmar take a allunan shaguna. A Kenya da Indiya kuma, ƙaramin gidan abinci kan kira kansa hotel ba tare da yana da ɗakin kwana ko ɗaya ba. Darasin dai ɗaya ne: allo na suna ne, rukuni kuma sai an dubi abin da ake yi a wurin.

Gidan abinci kala-kala

A ɓangaren abinci manyan rukunai huɗu ne suka shafe mu. Akwai amenity=restaurant, inda kake zama a kawo maka cikakken abinci, galibi ka biya bayan ka ci. Akwai amenity=fast_food, inda abincin a shirye yake ko ana gama shi cikin 'yan mintuna, ka karɓa da kanka, ka ci a gurguje ko ka tafi da shi. Akwai amenity=cafe da na ambata. Sai amenity=food_court, inda masu abinci da yawa ke kewaye da wurin zama guda da suke tarayya a kai.

Yanzu mu auna namu. Mai shayi yana da tebur da benci, yana dafa shayi, ya soya ƙwai, ya yanka burodi, mutane su zauna su yi hira. Ko da ya ƙara Indomie, a ganina cafe ne ya fi kusa da shi. Mai tsire da balangu fa? Wasu za su yi saurin cewa shop=butcher tunda nama ne. A'a. Wannan na mahauci ne mai ɗanyen nama. Mai neman naman miya da mai neman tsire buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Mai tsire fast_food ne. Haka mai ɗanwake, mai awara, mai ƙosai, mai gurasa, matuƙar suna da wurin da aka san su da shi. Bukkar da kake shiga ka zauna, a tambaye ka tuwo ko shinkafa, a kawo maka da ruwan wanke hannu, ni ban ga dalilin hana ta restaurant ba don kawai rufinta na kwano ne. Laƙabin bai ce sai mai na'urar sanyaya ɗaki ba.

Bayan babban rukuni sai bayanin irin abincin, da laƙabin cuisine. A nan ne za mu iya yin maganarmu. OpenStreetMap na da ƙa'idar cewa kowa na iya ƙirƙiro laƙabi idan bai samu wanda ya dace ba, babu kwamitin da zai hana ka. Amma fa akwai sharaɗin da ba a rubuta ba: manhaja ba ta san laƙabin da kai kaɗai ke amfani da shi ba. Dabarar ita ce a haɗa sananne da namu, a raba su da waƙafi mai ɗigo. Mai tsire ya zama cuisine=barbecue;suya. Wanda ya nemi gasasshen nama da manhajar yau zai same shi, kuma ranar da aka samu mai tace bayanai da kalmar suya, ga ta nan a ajiye. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya cire babban rukunin ya ƙirƙiro amenity=mai_shayi shi kaɗai. Ya burge kansa, amma ya ɓatar da mai shayin daga kowace manhaja.

Akwai ƙananan laƙabi masu amfani ƙwarai. takeaway=yes na nufin ana zuba wa mutum ya tafi da shi. diet:halal=yes a garinmu kamar ba shi da amfani tunda kusan ko'ina haka ne, amma ɗalibinmu da ya je bautar ƙasa ko karatu wani wuri ya san darajarsa. Sai opening_hours, wanda ke da tsarin rubutu na musamman da kwamfuta ke iya karantawa. Shagon da ke buɗewa bakwai na safe zuwa tara na dare, ya rufe don sallar Juma'a, za a rubuta masa Sa-Th 07:00-21:00, Fr 07:00-12:30,14:30-21:00. Da wannan ne manhaja ke iya amsa tambayar “wa ke buɗe yanzu?”, wadda ita ce ainihin tambayar mai jin yunwa ƙarfe sha ɗaya na dare a makon jarrabawa.

Masu sana'ar hannu da masu sana'a uku a shago ɗaya

Taswirar ta bambanta mai sayarwa da mai ƙerawa ko gyarawa. Mai sayar da yadi da shadda shop=fabric ne, mai sayar da ɗinkakkun kaya shop=clothes. Tela kuwa za ka tarar ana amfani da shop=tailor da craft=tailor duka biyu, abin da ke nuna maka cewa ko a can ba komai aka gama daidaitawa ba. Mai sayar da waya shop=mobile_phone ne, mai gyaranta craft=electronics_repair. Mai aski da mai kitso duk shop=hairdresser ne, sai a ƙara male=yes ko female=yes don kada 'yar uwa ta bi taswira ta tsinci kanta a shagon aski. Mai wanki da guga shop=laundry. Mai injin niƙa yana da craft=grinding_mill. Mai cika tukunyar gas shop=gas ne, ba amenity=fuel ba, wanda na gidan mai ne.

Mai POS fa? Kada a ce masa amenity=atm ko amenity=bank. Wanda ya bi taswira yana neman na'urar cire kuɗi ƙarfe biyu na dare zai tarar da lema a naɗe. Akwai laƙabin amenity=mobile_money_agent, wanda ya dace da wakilan da ake turawa da karɓar kuɗi a hannunsu, kuma ya fi kusa da abin da masu POS ɗinmu ke yi.

Matsalar da ta fi yawa a bakin makaranta ita ce shago ɗaya mai sana'a uku: fotokwafi, cajin waya, ga POS a gefe, ga kuma firij na ruwan leda. Ƙa'idar ita ce abu ɗaya a zahiri, ɗigo ɗaya a taswira. Idan mutum ɗaya ne da allo ɗaya, a zaɓi sana'ar da ta fi kawo mutane a yi babban rukuni da ita, sauran su zo a matsayin ƙari. Idan kuwa mutum biyu ne kowa da kasuwancinsa suka raba haya, ɗigo biyu ne. Idan ka rasa gane wacce ce babbar sana'ar, tambayi mai shagon. Matambayi ba ya ɓata.

Me ya sa dole mu haɗa baki

A ce mu ashirin muka fita zana unguwannin da ke kewaye da makaranta. Biyar suka sa masu shayi a cafe, biyar a fast_food, biyar a restaurant, biyar kuma a shop=tea, wanda na mai sayar da ganyen shayi ne. Kowa na da hujjarsa. Amma mai nema zai samu kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal, kuma ɗalibar ƙididdiga da ta zo lissafa masu shayi don furojet ɗinta za ta fito da adadin ƙarya ba tare da ta sani ba. Zaɓin da bai cika daidai ba amma kowa ya bi shi, ya fi zaɓi huɗu masu kyau da suka watse.

Kafin ka yanke hukunci kai kaɗai, akwai wuraren dubawa. Wiki na OpenStreetMap yana da shafi ga kusan kowane sanannen laƙabi, da bayanin inda ya dace da inda bai dace ba. Taginfo, wanda Jochen Topf ya samar a 2010, yana nuna sau nawa aka yi amfani da kowane laƙabi a duniya da kuma yankunan da aka fi amfani da shi. Overpass turbo kuma yana ba ka damar cewa “nuna mini duk wuraren sayar da magani a wannan yanki”, ya zubo maka su a kan taswira, ka sauke su idan kana so. Idan al'umma na son sabon laƙabi ya samu karɓuwa, akwai hanyar gabatar da shi a rubuce, a yi muhawara aƙalla mako biyu, a kaɗa ƙuri'a wasu makonni biyu, kuma ana neman kusan kashi uku cikin huɗu na masu ƙuri'a su amince.

Akwai kuma aikin harshe, wanda nake ganin ya fi dacewa da mu. Manhajar gyara da ake kira iD, wadda ke buɗewa a shafin OpenStreetMap tun 2013, ba ta tilasta maka haddace laƙabi. Kana rubuta kalma ne, ta kawo maka rukunin da ya dace. Kowane rukuni yana da jerin kalmomin nema da 'yan sa-kai ke fassarawa zuwa harsunansu. Manhajojin waya ma suna da irin wannan jeri, haka Nominatim, injin binciken da ke shafin. Sai wani ya zauna ya rubuta cewa “kemis” da “shagon magani” suna kai mutum ga wurin magani, “kanti” da “tireda” suna kai shi ga shagon kayan masarufi, sannan mai rubuta Hausa zai nema ya samu. Wanda bai san cewa kemis ɗinmu ba kemis ɗin Ingila ba ne, ba zai iya wannan fassarar ba ko da ƙamus goma a gabansa. Da ɗan gari akan ci gari.

Ladubban aikin

Na farko, gani ya kori ji. Abin da ka gani da idonka a wurin shi za ka saka, yadda wani zai iya zuwa ya tabbatar. Hoton tauraron ɗan'adam na nuna rufin kwano, ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa mai zana taswira daga Turai zai iya zana dukan gine-ginen unguwarmu, amma ba zai taɓa sanin wanne ne shagon tela ba.

Na biyu, haramun ne kwafowa daga Google Maps ko wata taswira mai haƙƙin mallaka. Idan aka gano, goge aikin ake yi.

Na uku, wurin suna na suna ne kawai. Kada ka rubuta “mai shayi, akwai Indomie, yana kaiwa dare” a ciki. Idan wurin ba shi da suna, bar shi babu suna, rukunin ya wadatar. Idan akwai sunan Hausa da aka fi sanin wurin da shi bayan na allo, akwai name:ha.

Na huɗu, kada ka yi wa bayanai ƙarya don alamar wurin ta fito da kyau a fuskar taswira. Mai sa kantin yayansa a matsayin supamaket don ya fito da babbar alama ya cuci mai nema, kuma wani zai zo ya gyara.

Na biyar, wanda a wurina ya fi sauran nauyi, shi ne mutunci. Mata da yawa a unguwanninmu suna sana'a daga cikin gida: waina, fura, alale, ɗinki, lalle. Gidan mutum ba shago ba ne. Kada ka ɗora ɗigo a kan gidan matar aure ba tare da ita da mutanen gidan sun yarda ba, kuma kada ka saka lambar wayar kowa sai wadda ya rubuta a allonsa da kansa ko ya ce a saka. Ka tuna duniya ce gaba ɗaya ke gani. Mai shagon da ya gan ka kana latsa waya a ƙofarsa zai iya zaton ma'aikacin haraji ne ko wani abu daban. Yi sallama, ka gaida shi, ka ce, “Baba, ɗalibai ne mu, muna saka shaguna a taswira ne don baƙo ya san inda zai same ku.” Idan ya ce ba ya so, ka yi godiya ka wuce. 'Yan talla masu yawo kuwa ba a saka su, don ba su da wuri tsayayye.

Na shida, shaguna na mutuwa. Wanda ke sayar da takalma bana, baɗi ya koma wurin kallon ƙwallo. Dogon hutu ko yajin aiki kaɗai ya isa ya rufe rabin layin. Akwai check_date na rubuta ranar da ka tabbatar da wuri, akwai shop=vacant ga shagon da babu kowa. Taswirar da ke tura mutum wurin da aka rufe shekara biyu da suka wuce ta fi wadda ba ta ce komai ba cutarwa.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Shawarata mai sauƙi ce. Ƙungiyar ɗalibai ta kira zama ɗaya, a samu 'yan safiyo, 'yan tsara birane, 'yan kwamfuta, 'yan ƙididdiga, 'yan kasuwanci da 'yan aikin jarida. A fitar da takarda guda mai layi biyu: a hagu sunan sana'a yadda muke faɗa, a dama laƙabin da muka amince da shi. Sana'o'i talatin zuwa arba'in sun isa farawa. Daga nan a raba layuka, mutum biyu-biyu, ranar Asabar da safe. Manhajar Every Door an yi ta ne musamman don saka shaguna kana tafe, StreetComplete kuma tambayoyi take yi maka ɗaya bayan ɗaya game da wuraren da ke kusa da kai. Ba sai da kwamfuta ba. Idan abin ya kankama, akwai YouthMappers, haɗakar ƙungiyoyin ɗalibai masu zana taswira da aka kafa a 2015, wadda ke da rassa a manyan makarantun Najeriya da dama.

Mai tambayar “to ni me zan samu?” yana da gaskiyarsa. Duk gyaran da ka yi yana nan a rubuce da sunan asusunka da kwanan wata, kowa na iya dubawa. Ranar da ka je neman wurin SIWES ko aiki a inda ake harkar bayanan ƙasa, kana da abin nunawa wanda ya wuce takardar sakamako. Rarraba abubuwa cikin rukuni, tsaftace bayanai, da yi wa rumbu tambaya, su ne dai abubuwan da ake koya mana a allo, ga su nan a aikace a ƙofar makaranta.

Sannan akwai su Iya da su Baba da suka shekara suna ciyar da mu, wani lokaci har bashi idan wata ya yi nisa. Babu kamfanin da zai turo ma'aikaci daga wata ƙasa ya zo ya tantance ko teburin mai shayi cafe ne ko fast_food. Mu ne muka san amsar. Wanda ke da sha'awa ya fara da layin da yake bi kullum zuwa lakca: shaguna goma, kowanne da rukuninsa daidai da lokacin buɗewarsa. Sauran sai mu haɗu a zaman da nake fatan shugabanninmu za su kira kafin ƙarshen wannan zango. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.